Sanƙarau ɗin da ba ya jiran bazara

Mutumin Kafur ya san sanƙarau: da zafin bazara yake zuwa, ya sanƙarar da wuya, ya kwantar da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. An ga ɓarnarsa a 1996, an sake gani a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Amma akwai wani sanƙarau da babu ruwansa da lokaci, kuma sabuwar allurar riga-kafin da Najeriya ta fara yi a 2024 ba ta tare shi, don ba bakteriya ke kawo shi ba. Fungas ne, dangin fumfuna, mai suna Cryptococcus.

Yana zaune a ƙasar da kashin tattabaru ya taru, da cikin ruɓaɓɓen itace, kuma shaƙarsa ake yi. Mai ƙoshin lafiya kan shaƙa bai ma sani ba, saboda haka kada wani ya je ya yanke tattabarunsa. Wanda garkuwar jikinsa ta karye ne ƙwayar ke ratsa huhunsa ta hau ƙwaƙwalwa, musamman mai ƙanjamau da bai san yana ɗauke da ita ba, ko ya daina shan magani. Masu shan dexamethasone don neman ƙiba su ma suna raunana garkuwarsu da kuɗinsu.

Abin tsoron shi ne sanɗar da yake yi. Ciwon kai na makonni, zazzaɓi sama-sama, amai, gani dishi-dishi. Mai kemis ya ba da maganin maleriya, ya koma na taifot. Da majiyyaci ya fara sambatu sai a ce iska ce ko sammu. Kafin a kai shi Malumfashi ko Funtua, daga can a tura asibitin Shika ko na Katsina, galibi an makara. Kiyasin da aka wallafa a 2022 ya nuna cutar na kashe kimanin mutum 112,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka.

Alhali gwajin ba wuya: ɗan tsinke ne irin na maleriya, ana kiransa CrAg, cikin minti goma yake nunawa a jini. Ɗibar ruwan ƙashin baya kuwa, da dangi ke yawan ƙin yarda da ita don tsoron shanyewar ƙafa, ita ke tabbatar da cutar, ita kuma ke rage matsin cikin kai da ke makantarwa har ya kashe. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin ruwa guda na amphotericin B, haɗe da flucytosine da fluconazole na kwana 14, sannan a ci gaba da fluconazole na watanni. Matsalar ita ce na farkon da na biyun suna da tsada da wuyar samu.

Ya kamata gwamnatin jihar Katsina ta ajiye tsinken gwajin a duk asibitin da ake raba maganin ƙanjamau. Kai kuma mai karatu, ciwon kan da ya wuce mako biyu, ya ƙi jin magani, ba na kemis ba ne. A tafi asibiti, a yarda a yi gwajin jini.