Kalmar Facies Da Ilmin Duban Fuska

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata kalma da masu karatun kimiyya a cikinmu suke haddacewa don jarrabawa, sannan su manta da ita, wato facies. Kalmar Latin ce, ma'anarta fuska ko kamanni. A ganinmu haddar nan asara ce, domin ilmin da ke cikin kalmar muna tare da shi kullum a Jibiya.

Masana duwatsu ne suka fi amfani da ita. Wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Amanz Gressly, a shekarar 1838, ya lura cewa dutse yana da fuska, wato launinsa, da girman tsakuwarsa, da ɓurɓushin halittun da ke cikinsa, kuma fuskar nan tana nuna inda ya samu, ko a kogi, ko a tafki, ko a gindin teku. Shimfiɗar yashi da tsakuwa da ake kira Gundumi, wadda ta taso daga ƙasar Sakkwato zuwa arewacin Katsina, ruwan koguna da tafkuna ne ya tara ta tun zamani mai nisa. Irinta tana nan har cikin Nijar. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1906 ba ta sāke mata kama ba.

Haka ma mutane. Wanda ya tsaya a Magama ya dubi masu ƙetarawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, da wuya ya ce wannan namu ne, wancan nasu. Ai Katsinawa ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi. Kakanninmu kuwa, da sun dubi tsagen fuskar baƙo sun san Bagobiri ne, har su fara yi masa ba'a kafin ya buɗe baki. Ko da aka rufe iyakar a 2019, da kuma 2023, zumunci bai yanke ba.

Amma inda kalmar ta fi nauyi shi ne wajen likitoci. Su ma suna cewa facies, suna nufin yadda cuta ke bayyana a fuska. Akwai wadda suke kira fuskar zaki: fata ta yi kauri, gira ta zube, hanci ya faɗa. Alamar kuturta ce wadda ta daɗe ba magani. Mu da likita duk muna ganin fuskar nan, sai dai shi yakan matso, mu kuwa mukan ja da baya, mu ware wa mutum ƙwaryar shan ruwansa. Wannan ba daidai ba ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ba gado ba, ba la'ana ba. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna da ke warkar da ita, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa. Wanda ya fara shan magani ba ya ƙara sa wa kowa. Ma'aikatan mishan sun daɗe suna wannan jinya a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Danja a kan hanyar Maraɗi.

Saboda haka muna roƙon malamanmu, in sun zo kan irin wannan kalma, su fassara mana ita da Hausa tukuna. Ku kuma da za ku tafi hutu ƙauye, ku tuna ba a jira sai fuskar zaki ta fito. Tabo mai haske a fata, wanda in an tsikare shi ba a ji, ya isa a kai mutum asibiti.