Yaron Da Ya Yashe Magudanar Unguwa, Wa Zai Biya Mishi Jami'a?



Duk shekara in sakamakon bak ya fito, unguwanninmu cika suke da guɗa. Daga Zariya ta Maraɗi zuwa Birni da Zango na Damagaram, daga Tawa har Yamai, hotuna sun cika waya, kowa na faɗin "barka, Allah ya sa albarka". Sati biyu, sati ukku, guɗa ta lafa, sai a koma ga lissafi: kuɗin rajista, kuɗin mota, ɗakin haya in ba a samu wuri a gidajen kwanan ɗalibai ba, abinci, fotokofi. A wurin lissafin nan ne ake rabuwa. Wani ya ɗauki jaka ya tafi jami'a, wani ya karɓi makullin kabu-kabu, wata kuma a ce mata ta yi haƙuri, ga miji ya fito.

Cikin waɗanda ke tsayawa a hanya akwai wasu da muka sani ƙwarai, don kullum muna ganinsu. Yaron da ke tara ƙannen unguwa a zaure da dare yana yi musu bitar lissafi, ba ya karɓar ko dala. Yarinyar da ke raka matan layinsu awo, ita ce mai karanta musu takardar likita. Ɗan fadar da ya shawo kan abokansa suka ajiye butar shayi suka ɗauki shebur tun kafin ruwan farko ya sauka. Yau zancensu za mu yi, kuma ra'ayinmu a fili yake: ya kamata kowane gari ya samu burs nashi na kanshi, wanda zai riƙa tallafa ma ɗiyan garin da suka nuna jagoranci kuma suka yi ma al'umma hidima.

Mu fara da abin da ke akwai. Da can, in ka cire jami'ar Musulunci ta Say, duk ɗan Nijar mai son karatun jami'a a gida sai ya nufi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, waɗanda yau suke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Amma ga ɗan Dakoro ko Tanut ko Keita, jami'a ta matso ne kawai, tsadarta na nan. Ko a Maraɗi yake karatu, sai ya ci, sai ya kwana.

Gwamnati na da nata tsari. Hukumar ANAB ita ke kula da burs, kuma abin da aka fi dubawa sananne ne: makin da ka samu da shekarunka na haihuwa. Wanda bai cika sharaɗi ba yana iya neman ɗan tallafin agaji da ake ba marasa burs. Wanda ya samu burs ɗin ma ya san zaman jira, don jinkirin biya ya daɗe yana cikin manyan dalilan yajin karatu a ƙasar nan. Ba mu ga laifin auna maki ba. Maki ma'auni ne da kowa ke iya gani, kuma ya fi a ce wane ɗan wane ne. Sai dai akwai abin da takardar jarrabawa ba ta ɗauka. Yaro biyu sun ci bak, ɗaya ya ɗara ɗaya da maki kaɗan. Na farkon yana da mushe mai zuwa gida da kuran da ba ya yankewa. Na biyun ya raba shekararsa tsakanin littafi, gonar tsohonsa da yaran unguwa da yake koyarwa. A takarda na farko ne gaba. In ka tambayi mai unguwa wanne ya fi amfanar mutane, amsarsa daban ce.

Ku tuna daminar 2024. Ruwa ya yi ɓarna a ko'ina cikin ƙasa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe, har aka ɗage komawa lakkwal zuwa ƙarshen watan Oktoba. Su wa suka fara fita cikin dare suna janye tsofaffi da yara daga ɗakunan laka? Su wa suka cika buhunna da yashi, suka fasa ma ruwa hanya? Matasan unguwa ne, da yawansu ƴan lakkwal. An ce musu sannu, an yi musu addu'a, kuma addu'a babban abu ce. Amma da lokacin rajista ya zo, babu wani ofishi da ya tambaye su ina suke a daren da ruwa ya shigo gari.

Wani zai ce wannan tunanin baƙo ne. Gaskiya ne a ƙasashen waje ana yin irinsa. A Amurka ƙananan garuruwa da ƙungiyoyi da ƴan kasuwa suna ba ɗiyan yankinsu burs, suna duba hidimar da yaro ya yi tare da makinsa. Shirin tallafin karatu na gidauniyar Mastercard, wanda aka fara a 2012, shi ma yana neman matasan Afirka masu jagoranci da niyyar komawa su amfani mutanensu. To amma mu ba sai mun je nesa ba. Kakanninmu sun san gayya, sun san wanda ke fara isa gona da wanda ke zuwa lokacin fura. Samariya ta da tana da sarkin samari, kuma gari ya san wanda in ya yi kira ake fitowa. Gane mai hidima da girmama shi al'adarmu ce. Abin da ya rage shi ne girmamawar ta zo daidai da buƙatar zamani, kuma buƙatar matashi yau karatu ce.

Mun san inda gizo ke saƙar, gara mu faɗa da bakinmu kafin a faɗa muna.

Matsala ta farko alfarma ce. Ƴan Nijar har suna muka raɗa mata, PAC, wato dangi, abokai da ƴan sani. Maki yana da lamba, hidima ba ta da. Duk abin da ba shi da lamba kuwa, mai hannu da shuni na iya lanƙwasa shi. In aka yi sake, burs ɗin hidima zai koma burs ɗin ɗan ƙanen shugaban kwamiti. Maganin wannan shi ne a yi komai a bainar jama'a. A rubuta sharuɗɗa tun kafin a karɓi dosiye ko ɗaya. A liƙa sunayen masu nema a ƙofar ma'aikatar magajin gari da ƙofar makaranta, a karanta su a rediyon gari, a ba mutane kwanaki su kawo ƙorafi. Duk ɗan kwamitin da nashi ke cikin masu nema ya fita daga zaman. Kwamitin kuma ya haɗa malamin makaranta, wakilin uwayen yara, wakiliyar mata, wakilin ɗalibai da dattijon da gari ya yarda da shi, a riƙa canza su lokaci zuwa lokaci.

Ta biyu, hidimar hoto. Duk mun san su: a sayo riguna iri ɗaya, a riƙe tsintsiya minti goma, a ɗauki hoto talatin a zuba a Facebook, a watse a bar shara inda take. In takardar shaida da hoto za a riƙa dubawa, to su za su kwashe burs ɗin kaf. Don haka a auna daɗewa, aƙalla shekara guda ana aikin ba fashi. A tura mutum ya je wurin da ƙafarsa, don gani ya kori ji. A tambayi waɗanda aka ce an yi ma hidimar, su ne shaidu. Jagoranci kuma kada a auna shi da muƙami. Zama shugaban kulob abu ne mai sauƙi. Wanda ya raba faɗa tsakanin fada biyu ba tare da an kai ga ƴan sanda ba, ko wadda ta je ta zauna da uwayen ƙawarta har suka fasa cire ta daga lakkwal, sun yi jagorancin da ya fi hatimi nauyi.

Ta ukku ita ce ta fi damunmu, kuma ba a cika faɗinta ba. Aikin sa kai yana buƙatar lokaci, lokaci kuwa mai ƙoshi ke da shi. Ɗan gidan da ba a jiran ya kawo cefane yana iya shiga ƙungiya biyar. Ɗiyar talaka da ke tashi tun asuba ta ɗebo ruwa, ta yi talla, ta yi jinyar kakarta, sannan ta buɗe littafi, ba ta cikin kowace ƙungiya, kuma babu mai ba ta takarda. In ba a lura ba, za a ƙirƙiro burs don talaka a miƙa ma mai hali. Saboda haka muke cewa a haɗa ma'auni ukku wuri guda: an ci bak, akwai buƙata ta gaskiya a gida, akwai hidimar da mutane suka shaida. A ware ma ƴan mata rabin gurabe, a ware ma ƴan karkara nasu kaso, kuma a lissafa ɗawainiyar marayu, marasa lafiya da tsofaffi cikin hidima ko da a cikin gida aka yi ta.

Akwai masu cewa in aka sa kuɗi cikin aikin Allah, niyya za ta ɓaci. Muna girmama wannan magana. Amma burs ba ladar aiki ba ce, lada tana wurin Mai ita. Gari ne ke zuba jari ga wanda ya riga ya nuna inda zuciyarsa take. Wanda ya koyar da yara kyauta yana ɗan shekara 17, in ya zama likita ko injiniya, ya fi kusa da tuna garinsu. Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi zurfin karatun kimiyya a Faransa, ya dawo ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin hasken rana da koyarwa a ƙasarsa. Irinsa muke so gari ya gano tun suna ƙanana. In ma wani yaro ya fara share layi don kwaɗayin burs, ya yi shekara guda cur yana sharewa, to layi dai ya sharu, kuma hali zanen dutse ne, da maimaici ake sassaƙa shi.

Sai mu ja kunne kan abu guda. Wannan burs na gari ba zai sauke ma gwamnati nauyinta ba. Haƙƙin ɗalibi a ƙasar nan ba kyauta aka same shi ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai ukku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai, lokacin da suka fito neman a gyara yanayin karatu, kuma har yau ƙungiyar USN na tunawa da ranar. Kada wani ya ce tunda alhazai sun fara biya, hukuma ta huta. A biya burs na ƙasa kan lokaci, na gari ya zo ya toshe inda ya yi saura.

To ina kuɗin za su fito? Mu yi lissafi mai sauƙi. In mutum 100 suka yarda kowa ya ba da jika 5 a wata, an samu jika 500. Wannan zai ba ɗalibi 20 jika 25 kowane wata. Shin a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko cikin ƴan Tawa da ke neman kuɗi a Abijan, ba za a samu mutum 100 masu iya wannan ba? Abin da ake liƙi da shi a buki guda ya fi haka. Mun iya adashi, mun iya haɗa kuɗin gina masallaci, mun iya tara gudummawar rasuwa cikin wuni ɗaya ta WhatsApp. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na kowane lise suna nan, suna haɗuwa ana cin nama ana tuna baya. Ko ɗalibi ɗaya kowace ƙungiya ta ɗauka, an rage. Hukumomin birane da na ƙananan garuruwa su ma suna iya ware wani abu cikin kasafinsu. Mai son abin da zai ɗore bayan ransa yana iya yin waƙafi da shago guda, hayarsa ta riƙa tafiya ga karatun ɗiyan gari. Sharaɗi dai shi ne a buɗe asusu da sa hannun mutum fiye da ɗaya, a fito da lissafi duk wata ukku kowa ya gani.

Ga wanda ya samu burs ɗin, muna da magana. Ba bashi ba ne, babu mai bin ka da takarda. Amma a rubuta alkawari: duk babban hutu ka dawo ka ba ƙannenka darasi, duk shekara ka nuna sakamakonka, in ka fara aiki ka shiga sahun masu zubi. Kuma kada a taƙaita shi ga masu shiga jami'a kaɗai. Mai zuwa makarantar koyon aikin jinya, ta horon malamai, ta noma ko ta fasaha, shi ma ɗan gari ne, wataƙila ma shi zai riga dawowa.

Mu matasa kuma kada mu zauna jiran manya su fara. A daren nan, in an ɗora shayi a fadarku, ku tambayi junanku: wa muka sani a unguwar nan da ya ci bak, yana yi ma mutane aiki, amma rashin kuɗi ya zaunar da shi? Ku rubuta sunaye. Ku samu mai unguwa, ku samu shugaban makaranta, ku samu alhajin layinku da kuke gaisawa kullum. Ku je da lissafi a hannu: ga yaro, ga abin da ya yi, ga shaidu, ga abin da shekara guda za ta ci. Mutane da yawa ba rowa ke hana su bayarwa ba, tsoron a cinye ne. In suka ga tsari da gaskiya, za ku sha mamaki.

Rajista ba ta jiran kowa. Yaron da bai shiga bana ba, da wuya baɗi ya shiga, don kafin nan rayuwa ta ja shi wani wuri. Ku fara da mutum ɗaya.

Allah ya yi muna jagora, ya albarkaci ƙasarmu Nijar.