Duniyar Wasanni: Alkafura Uku Cikin Daƙiƙa Uku

Yau za mu leƙa ƙasashen sanyi, inda dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu wata da watanni, mu ga wani wasa da ake yi a gasar Olamfik ta lokacin hunturu: tsallen alkafura na masu zamiya a kan ƙanƙara, ɓangaren maza.

Ga yadda ake yin sa. Ɗan wasa yana ɗaura dogayen alluna biyu sirara a ƙafafunsa, ya gangaro daga kan tudu da gudun da ya haura kilomita 60 a awa. A ƙasa akwai wani tudun ƙanƙara da aka gina mai lanƙwasa sama, tsayinsa ya kai kusan mita 4. Da ya hau shi sai ya cilla sama, har ya kai kimanin mita 15 daga inda zai sauka, wato kamar bene mai hawa huɗu ko biyar. Abin da yake da shi a iska bai wuce daƙiƙa 3 ba. A cikinsu ne zai yi alkafura ta baya sau uku, yana kuma murɗa jikinsa kamar katantanwa, sannan ya dira da ƙafafunsa a kan gangara. Saboda farin ƙanƙara na ruɗar ido, akan warwatsa ƙananan rassan itace a wurin saukar domin ya iya gane nisan ƙasa.

An fara ba da lambobin yabo a wannan wasa a Olamfik na 1994 a Lillehammer ta ƙasar Norwe. A 2002, Ales Valenta na Jamhuriyar Cek ya ci zinare da alkafura uku mai murɗi biyar, abin da ya girgiza masu kallo a lokacin. A 2006 kuma Han Xiaopeng ya ciyo wa ƙasar Sin zinarenta na farko a wasannin kan dusar ƙanƙara.

To yaya ake ba da maki? Nan ne masu son lissafi za su gyara zama. Alƙalai suna duba abu uku: tashi da nisan sama yana da kashi 20 cikin ɗari, kyan tsarin jiki a iska kashi 50, sauka kashi 30. Jimillar ba ta wuce maki 30. Sai a ninka abin da mutum ya samu da lambar wahalar tsallen da ya zaɓa, domin kowane tsalle da tasa lambar, kuma tun kafin ya gangaro ake sanar da wanda zai yi.

Mu ɗauki misali. Ɗan wasa na farko ya zaɓi tsalle mai wahala 4.0, ya yi shi tsaf, ya samu 28. Makinsa 112 ke nan. Na biyu ya zaɓi mai wahala 5.0, amma da ya sauka bayansa ya taɓa ƙasa, aka ba shi 20. Makinsa 100. Kun ga mai sauƙin ya doke shi. Amma da na biyun ya samu 24 kacal, da ya tashi da 120, ya wuce gaba. Saboda haka kowane ɗan wasa da kocinsa suna da tambaya guda da za su amsa a saman tudu: wane ne tsalle mafi wahala da zan iya sauka da shi yau, a wannan iska, a kan wannan ƙanƙara? Wanda ya ji tsoro ya zaɓi mai sauƙi, za a bar shi a baya. Wanda ya yi ganganci kuma, zai sha ƙasa. Ga shi a zagayen ƙarshe tsalle ɗaya ne tak, ba a kuma tara wa mutum makin da ya samu a baya.

Qi Guangpu na ƙasar Sin ya ɗanɗani wannan. A Olamfik na 2010 ya zo na bakwai. A 2014 a Sochi ya kai zagayen ƙarshe na mutum huɗu, saukar ta ƙi, ya ƙare na huɗu, shi kaɗai ya tafi ba lamba. A 2018 ya sake zuwa na bakwai. Sai ranar 16 ga Fabrairu, 2022, a gasar Beijin, yana ɗan shekara 31, ya yi alkafura uku mai murɗi biyar ya dira daram. Aka ba shi maki 129, ya ɗauki zinare. Oleksandr Abramenko na Yukren, zakaran 2018, ya zo na biyu, Ilya Burov na Rasha na uku. Mahaƙurci mawadaci.

Kada ku ɗauka ƙarfin hali kaɗai ke kai su nan. Da yawansu tun suna yara suka fara da wasannin lanƙwasa jiki. Sabon tsalle kuma ba a kan ƙanƙara ake fara shi ba. Da farko ana koyon sa a kan shimfiɗar roba mai cilla mutum sama, an ɗaure ɗan wasa da igiya a ƙugu. Daga nan, a lokacin zafi, sai ya riƙa gangarowa yana faɗawa cikin tafkin ruwa da ake hura wa iska daga ƙasa don ya yi laushi. Sai ya maimaita shi sau da yawa, koci ya gamsu, kafin a bar shi ya gwada a kan dutse, da hular kwano a kansa. Duk da haka ana karyewa, ana buguwa a kai. Don haka kada in ji wani ya hau katangar makaranta yana gwada alkafura.

Ga aikin gida. Lambar wahalar tsallen Qi Guangpu 5.0 ce, makinsa 129. Nawa alƙalai suka ba shi cikin 30? Sannan, wanda ya zaɓi tsalle mai wahala 4.0, ko da ya samu 30 cif, zai iya kamo shi? Ku lissafa, ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.