ƁERA MAI GOYON ZURIYAR WANI

Malamai da akawuna masu karatun wannan shafi, ku gafarce ni tun da fari, gama zancen yau na maraina ne, kuma ba shi faɗuwa sai an kira abu da sunansa.

Kun san yadda mai lambu kan yi wa mangwaro aure: reshen wannan, saiwar wancan, amma 'ya'yan da za a tsinka na mai reshe ne. To, haka masana suka yi da dabba. A shekarar 2002, a Jami'ar Fensilbaniya ta ƙasar Amurka, Dokta Ina Dobrinski da abokan aikinta suka yanki 'yar tsoka kamar ƙwayar gero daga marainan jariran ɓeraye, da na aladu, da na awaki. Suka dasa ta ƙarƙashin fatar bayan waɗansu ɓeraye fiɗiyayyu, irin waɗanda jikinsu ba ya korar baƙon nama. Jinin ɓeran ya yi ta ciyar da dashen har ya balaga, ya ba da maniyyi. Abin lura, wanda aka samu daga tsokar ɗan akuya na akuya ne tsantsa. Ɓera ɗan goyo kurum ya yi.

Wani zai ce, ina ruwanmu da bayan ɓera? Ga ruwanmu. Maganin ciwon daji yakan kashe irin haihuwa, haka kuma wanda akan ba mai amosanin jini kafin a dasa masa ɓargo, ciwon da ba baƙo ba ne a gidajenmu. Baligi ya iya ajiye maniyyinsa tun kafin magani. Yaro ɗan shekara 6 fa, me zai ajiye? Sai tsokar. Saboda haka waɗansu asibitocin Turai da Amurka ke daskarar da ita.

A 2018 masanan Jami'ar Fitsbag suka sami 'yar biranya, Grady, daga tsokar da aka ciro wa ubanta tun yana ƙarami, aka daskarar, aka mayar masa. Maniyyin ƙarƙashin fata ba shi da mafita, sai da aka ɗebo shi aka tsira cikin ƙwan uwar da allura.

Amma kada a yi gaggawar murna. Tsokar yaron ɗan'adam da aka dasa wa ɓera ba ta kai ga maniyyi ba. Kuma ta mai ciwon dajin jini tana iya komo masa da cutar da ya sha wuyar rabuwa da ita. A ganina mai amosanin jini ya fi kusa da cin moriya, tun da shi wannan tsoro bai shafe shi ba, kuma tsokar tasa ce, ba a taɓa nasaba ba.