Jirgi ba ya tashi sai da na ƙasa

Duk shekara in aikin Hajji ya matso, tambayarmu guda ce: jirgi ya zo? Ba mu tambayar su wa za su loda shi.

Ko jirgi ya sauka, ba ya tashi sai an kawo matakala, an zuba mai, an auna jakunkuna an loda, an turo tsofaffi a keke. Ma'aikata sunka yi kaɗan, ko inji guda ya lalace, kowa sai ya zauna. A Yulin 2022 filin jirgin Heathrow na Landan ya taƙaita masu tashi zuwa mutum 100,000 a rana saboda ƙarancin ma'aikata. In Ingila ta ji jiki, mu fa?

Tsohuwarmu daga Ƙonni, Malbaza ko Illela sai ta yi fiye da kilomita 400 kafin ta kai filin Diori Hamani a Yamai. Kowane daren jira, guzurin da ta sayar da bisashe ta tara ne ke tafiya ga abinci da makwanci.

Roƙonmu ga hukumar COHO da masu jigilar alhazai: tun azumi a ƙidaya ma'aikatan ƙasa da kayan aikinsu, a ƙara matasa, a horar da su. Kada a kira maniyyata su baro gida sai ranar tashi ta tabbata.

Mu ma mu daina cika jaka ta wuce kilon da anka yanka, muna riƙe layi.

Allah ya kai alhazanmu lafiya, ya maido su lafiya.