Masanan Kimiyya Na Tunisiya Sun Cancanci Shiga Aji

Idan aka tambayi ɗalibin sakandare ya lissafa shahararrun mutanen ƙasar Tunisiya, da wuya ya wuce Habib Bourguiba, wanda ya jagoranci ƙasar har ta sami 'yancin kai daga Faransa a 1956, sai 'yan ƙwallon da suka ci Kofin Afirka a 2004. Mai son tarihi zai tuna da Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a birnin Tunis a 1332. Wanda ya zauna gaban malamin zaure kuwa zai ambaci Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala. Amma sunan likita ko masanin kimiyya ba ya fitowa. Wannan giɓi ne babba, kuma alhakin cike shi yana wuyan malaman kimiyya.

Abin mamaki, a birnin Ƙairawan ɗin nan da aka rubuta Risala, kuma a ƙarnin da marubucinta ya rayu, an yi wani likita mai suna Ahmad Ibnul Jazzar, wanda ya rasu wajen shekarar 980. Gidansu gidan likitanci ne, ya kuma ƙara ilmi wajen Ishaƙ Al'isra'ili. Shi ne ya wallafa Zadul Musafir, littafi mai kashi bakwai da ya bi cututtuka tun daga kai har ƙafa, yana bayyana sanadin kowace cuta da alamominta da maganinta. Ya rubuta wani littafin a kan renon yara da kula da lafiyarsu. Daɗin daɗawa, ya keɓe littafi guda domin matalauta, inda ya tattara magunguna masu araha da talaka zai iya samu a kusa da shi. Wato tun fiye da shekara dubu da suka wuce wannan bawan Allah ya gane cewa maganin da mara lafiya ba zai iya saye ba, da shi da babu duk ɗaya.

A ƙarni na 11 wani mai suna Ƙusɗanɗin Ba'afirke ya juya Zadul Musafir zuwa Latin a ƙasar Italiya, ba tare da ya ambaci sunan mai littafin ba. Da wannan fassara aka daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci a Turai. Ilmin Ƙairawan ya rabu gida biyu ke nan: fiƙihu ya ƙetaro Sahara ya zauna a zaurukan ƙasar Hausa, likitanci ya ƙetare teku ya nufi arewa. Ɗalibin da bai san wannan tarihi ba shi ne yake ɗaukar kimiyya tamkar kayan aro daga Turawa, ya haddace ta don jarrabawa, ya ajiye ta a ƙofar makaranta.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan tutiya ce da tsohon arziki, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Likitancin Ibnul Jazzar ya ginu ne a kan ra'ayin Girkawa cewa rashin daidaiton ruwaye huɗu na jiki ke kawo cuta. Gano ƙwayoyin cuta a ƙarni na 19 ya rushe wannan ra'ayi, saboda haka babu mai hankalin da zai ɗauki littafin nan ya yi wa mara lafiya magani da shi a yau. Sai dai wannan ma darasi ne da ya kamata ɗalibi ya ji: kimiyya tana gyara kanta, na baya yana gwada maganar na gaba, ya riƙe abin da ya tabbata, ya zubar da saura. Abin gado a wurin Ibnul Jazzar shi ne lura da mara lafiya, da rubuta abin da aka gani bisa tsari, da tunawa da talaka.

Haka kuma Tunisiya ba ta tsaya a tsohon zamani ba. Tawhida Ben Cheikh, wadda aka haifa a 1909, ta kammala karatun likita a Faris a 1936, ta zama mace Musulma ta farko a ƙasar da ta kai wannan matsayi. Ta dawo gida ta duƙufa a kan lafiyar mata da karɓar haihuwa, ta rasu a 2010. A 2020 aka sa hotonta a takardar kuɗi ta dinari goma. Yarinyar da ake gaya wa cewa likitanci ya fi ƙarfin mace tana da haƙƙin jin wannan labari daga bakin malaminta.

Akwai kuma Moungi Bawendi, ɗan wani masanin lissafi Batunise, wanda ya sami rabo a kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. A 1993 ya fito da hanyar sarrafa wasu ƙananan ƙwayoyi da launin haskensu ke sauyawa gwargwadon girmansu, waɗanda ake amfani da su a gilashin talabijin. Ya sha faɗin cewa ya faɗi jarrabawarsa ta farko a wannan fanni a Jami'ar Harvard. Amma a Amurka ya yi aikinsa, inda kayan bincike suke. Ƙasar da ba ta gina ɗakunan bincike ba, wasu za ta yi wa renon masana.

Abin da ake bukata daga malami bai taka kara ya karya ba. Ranar da zai koyar da cututtuka, ya ware minti biyar ya kawo labarin Ibnul Jazzar, ya nuna inda ya dace da inda zamani ya gyara masa. Ranar darasin haihuwa, ya ambaci Tawhida. Ɗalibi kuma, in ya buɗe Risala a zaure, ya tambayi kansa wane ilmi ne kuma aka rubuta a garin nan wanda bai iso gare shi ba, sa'an nan ya tashi ya neme shi.