Diyyar da kotu ta yanke, yaushe za a biya?



Sashe na 35(6) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Kotuna na yanke wa 'yan sanda wannan hukunci, amma sau da yawa kuɗin ba ya fitowa, domin sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya hana taɓa asusun hukuma sai da yardar Antoni Janar, lauyan gwamnati. Wasu na cewa soke sashe na 84 zai cinye kuɗin tsaro. Ai rundunar da ta san za ta biya ita ce za ta ja kunnen jami'in da ke ƙaga wa mutane laifi. Ya kamata majalisa ta soke sashen.

Mai karatu daga Kano